Kan Injin Ban-ruwa na Yoyo, Ana Ɗora wa Ƙarfe Laifi

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi a bayansa, kayan gyaran injin ban-ruwa suka yi tashin gwauron zabo. Mai noman albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo, ko mai shinkafar rani a Rabah, wanda a da idan kan injinsa ya tsage sai ya sayo na kamfani, yanzu mai araha yake nema, ko na kasuwa da ba a san asalinsa ba, ko na masu zubin alminiyon. Daga nan zance ya bazu a majalisu: wai kayan zubi ruɓaɓɓen ƙarfe ne, gwangwanaye da tsofaffin fistin aka narka, shi ya sa kafin a je ko'ina sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo ta jikin sandar inji, ya ci, inji ya ƙi jan ruwa.

Wannan zance yana damuna, domin ya saki reshe ya kama ganye. Mugun ƙarfe yakan tsage, ko ya fito da ƙananan ramuka da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Amma ba shi ke cin sil ba. Duk wanda yake shakka, ya ce wa bakanikensa ya ciro masa mataccen sil ɗin. Zobe biyu ne, baƙi da fari na tangaran. Ya goge farin da bakin riga ya ɗaga shi a rana. Idan sawun da baƙin ya bari bai zauna daidai a tsakiya ba, ko ya yi zurfi a wani gefe, to ramin da sil ɗin yake zaune a ciki ne ya kauce wa sandar inji, ko ya karkace. Inji kuwa yana juyawa kusan sau 3,600 a minti ɗaya, wato sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Karkacewar da ido ba ya gani ta isa ta cinye shi.

Mai injin fere ƙarfe zai rantse maka cewa ya auna. "Alhaji, ga ma'auni nan, duba da kanka, faɗin ramin bai ƙaru da ko gashi ba." Gaskiya ya faɗa. Faɗin daidai ne. Abin da ba a tambaye shi ba shi ne: daga ina ya fara awon? Injiniyoyi suna kiran wannan wuri detum, wato mafarin awo, fuska ko rami ko ɗigon da za a ce kowane abu a jikin kayan daga nan za a auna shi. Rami yana iya zama da'ira cikakkiya, mai faɗin da ake so, amma yana wurin da bai kamata ba.

Kayan zubi ya fi kowane wuyar sha'ani a nan, saboda ba shi da fuska ko ɗaya mai gaskiya a ranar da ya fito daga ƙasar mazubi. Ka shafa da farce za ka ji tudun layin da rabi biyu na mazubin suka haɗu, kuma sau da yawa rabin sama ya ɗan zame daga na ƙasa. Bangon da ka ɗauka a miƙe yake, da gangan aka ɗan kwantar da shi, digiri ɗaya zuwa uku, don samfurin ya zaru ba tare da ya rushe ƙasar ba. Ga kututturen bakin da aka zuba narkakken ƙarfe, an yanke shi an goge da hannu. Sannan alminiyon yana tsukewa idan ya huce, kusan milimita 13 a kowace mita. Saboda haka wanda ya ɗauki tsohon kan inji mai faɗin milimita 200 ya danna a ƙasa a matsayin samfur, sabon zai fito da ragin fiye da milimita biyu da rabi. A tukunyar biki wannan ba komai ba ne. A kan inji kuwa asara ce.

To yaya ake fara awo a jikin abin da ba shi da shafaffen wuri? Uwargida ta daɗe da warware wannan a madafa. Tukunya a kan duwatsun murhu uku ba ta rawa, komai rashin daidaiton gindinta. Ka ƙara na huɗu, sai ta fara girgiza, yau ta jingina nan, gobe can. Haka ake yi wa ɗanyen zubi. A zaɓi ɗigo uku masu nisa da juna a fuska ɗaya ya zauna a kansu, ɗigo biyu a gefe su hana shi juyawa, ɗigo ɗaya a ɗayan gefen ya tare shi. Shida ke nan, kuma hanyoyin da abu zai iya motsawa shida ne. Sai dai ɗigon kada ya faɗa a kan layin haɗi, ko wurin da aka goge, kuma ukun farko su kasance a rabin mazubi ɗaya. Mai zubi da mai fere da mai dubawa duka a waɗannan ɗigo za su ɗora kayan, kowane guda, kowace rana.

Aikin ɗigon nan na zaman farko ne kawai. Da zarar an fere fuskar da za ta manne da jikin inji, ita ce ta zama mafarin farko, domin ita ke yanke hukuncin ko sil zai tsaya a miƙe. Na biyu shi ne ramin da ke daidaita kayan da tsakiyar sanda. Na uku, ɗaya daga ramukan kusoshi. Ba a zaɓen mafari don ya fi sauƙin kamawa, ana zaɓensa ne don shi ke taɓa inji. Inda ake yin ɓarna shi ne a damƙe kayan ta ɗanyen bayansa a fere fuska ɗaya, a kwance, a juya, a sake damƙar wani ɗanyen wurin a huda mazaunin sil. Awo biyu, mafari biyu, babu abin da ya haɗa su.

Ba sabon ilimi ba ne. Ana danganta tushensa da Stanley Parker, wanda ya yi aiki a masana'antar makaman ruwa ta Birtaniya a Sikotlan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ƙananan masana'antu da yawa suke ƙera sassa daban-daban da dole su haɗu a wuri ɗaya. Yau yana rubuce a ƙa'idar ISO 5459 da ta Amurka, ASME Y14.5, da alamar ɗan alwatika da harafin A, B, C a jikin zane.

An kammala madatsar Goronyo a 1984, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya cika kwarin Rima da ƙananan injuna tun farkon shekarun 1990. Har yanzu rabon injin ban-ruwa yana cikin abin da 'yan siyasa suka fi so, ana jera su ana ɗaukar hoto. Zanen sassan da ke lalacewa, mai nuna wa maƙeri inda zai ɗora kayan da inda zai fara awo, takarda ɗaya ce tak, kuma ɗalibin kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato zai iya zana ta a matsayin aikin kammala karatu. Sai dai ita ba a yanka mata ƙyalle.

Kafin a kai can, mai saye yana da abin yi. Ya sa a ɗora kan a jikin inji ba tare da gasket ba, ya danna gefe da gefe da tafin hannu. Idan ya yi rawa, ko sandar ta fi kusa da gefe ɗaya na ramin, ya mayar wa mai shi tun bai ɓata sil ba.