Abin Da Zuciya Ke Riƙewa Daga Ƙuruciya

Duk wanda ya zauna da dattawan 'Yankuzo bayan sallar la'asar, ya tambayi ɗayansu farkon abin da yake iya tunawa a duniya, zai tarar amsar ba ta cika yin ƙasa da shekara uku ko huɗu ba, kuma ko ita ɗin gutsure ce: hayaƙin wutar makarantar allo, ko ranar da aka yi masa ƙane. Labarin goyo da yaye kuwa riwaya ce ya karɓa daga bakin kakarsa, aka yi ta maimaita masa har ya zaci ganau ne shi.

Malaman hadisi sun daɗe da yin bahasi a kan wannan mas'ala, domin sahabi Mahmudu ɗan Rabi'u ya kiyaye cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya fesa masa ruwan guga a fuska yana ɗan shekara biyar, Imamu Buhari ya fitar da hadisin, har wasu suka sa biyar ta zama haddin ingancin jin yaro, wasu kuma suka ce tamyizi ne abin lura, wanda a ganina shi ya fi kusa da daidai. Masana ƙwaƙwalwa sun ce sashen da ke taskace waƙi'a bai gama ƙosawa ga jinjiri ba, harshen da zai ɗaure ta da shi ma bai samu ba.

Girma ma bai tsira daga mantuwa ba. A 1885 Bajamushe Ebbinghaus ya nuna cewa galibin abin da aka haddace ba a maimaita ba yana zubewa tun a yinin farko, abin da kowane alaramma ya sani game da haddar da ba tilawa. Abin da ya fi zama daram shi ne na tsakanin shekara goma da talatin, shi ya sa ɗan saba'in zai zayyana maka canjin hannun tuƙi na 1972, da fitowar naira da farin 1973, alhali cefanen makon jiya ya kuɓuce masa.

Abin da ke sosa mini rai shi ne yaran da rashin tsaro ya fitar daga ƙauyukan Tsafe zuwa Gusau suna goye a baya, waɗanda ba za su san gidajen da aka haife su ba sai gwargwadon abin da iyayensu mata suka yi ta faɗa musu.