Daga Gamboru Zuwa Tafkin Alau: Hanyoyin 'Yan Gudu A Birnin Shehu

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ya san ranar da ake rufe manyan tituna saboda gasar gudun dogon zango, wadda aka fara a shekarar 2016, inda ake cinye kilomita 42 a ƙafa, mutanen Kenya da na Habasha kuwa su ne suka fi kwashe kyaututtukan. Sau da yawa 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende sukan tsaya a bakin titi suna kallo, suna tambayar juna ko me ya hana yaran gida shiga sahun gaba. Amsar tana can gida, domin ba a yin ɗan gudu sai da wurin da zai yi gudun. Birnin Maiduguri yana da irin waɗannan wurare, amma ruwa da rashin tsaro sun ci rabinsu.

Gamborun da ake magana a nan ita ce unguwar da ke cikin Maiduguri, mai babbar kasuwa a gefen Kogin Ngadda, kusa da Kwastam da Kasuwar Shanu. Kada mai karatu ya ɗauka Gamborun Ngala ce ta kan iyakar Kamaru. Daga wannan unguwa hanya uku ce ke gaban mai son motsa jini da sassafe, kowace da daɗinta da wahalarta.

Ta farko ita ce ta cikin gari. Mutum ya tashi daga Gamboru bayan sallar asuba, ya nufi fadar Mai Martaba Shehun Barno, ya miƙe Dandal, watau faffaɗan titin nan da ke fuskantar ƙofar fada inda ake hawan salla, ya faɗa shataletalen Gidan Waya, ya wuce ta wajen Kasuwar Litinin har gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Wannan hanya tarihi ce zalla, gama nan ne zuciyar Yerwa, garin da aka kafa a 1907 sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa. Abin da ya fi taimakon mai gudu a nan shi ne itatuwan darbejiya da aka jera tun zamanin Turawa, waɗanda suka sa Maiduguri ta yi suna wajen inuwa. Sai dai a yi sammako. Tun da Gwamnatin Jihar Barno ta hana hawan babur a birnin a 2011, Keke Napep ne ya gaji titi, kuma da zarar an buɗe kasuwa mai ƙafa ba shi da sauran fili.

Hanya ta biyu ita ce ta 'yan makaranta. Daga shataletalen Kwastam, inda gadar sama ta farko a jihar take, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Disambar 2021, sai a kama titin Bama, a wuce Gwange, a wuce Asibitin Koyarwa, har ƙofar Jami'ar Maiduguri. An kafa wannan jami'a a 1975, a Yulin 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar sa mata sunan marigayi Buhari. Harabarta tana da faɗi, da tituna masu kwalta da filayen wasa, ga ƙarancin motoci. Bayan ita akwai Kwalejin Fasaha ta Ramat da sauran manyan makarantu, watau dai gari ne cike da samari da 'yan mata masu jini a jika, irin waɗanda a wasu ƙasashe daga cikinsu ake tsamo zakarun tsere. Amma tun harin da aka kai masallacin jami'ar a Janairun 2017 aka tsaurara tsaro, har aka haƙa rami a gefen harabar da ke fuskantar daji, saboda haka baƙo ya shirya amsa tambayar masu gadi a bakin ƙofa.

Ta uku ita ce ta bakin kogi, kuma ta fi sauran kyan gani. Ngadda yana shigowa gari daga kudu, ya bi ta ƙarƙashin gadar Fori da ta titin Lagos da ta Gwange, ya ratsa gefen Gamboru, sa'an nan ya watsu a fadamar Jere inda ake noman shinkafa. Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu kogin yana ɗauke da ruwa, ga lambuna shar a gefe, ga masu wanki, ga balbelu. Da rani ya yi nisa sai ya koma rairayi, masu horad da 'yan wasa kuwa sun san gudu cikin rairayi yana ƙarfafa ƙafa fiye da gudu a kan kwalta. Abin takaici shi ne juji da ruwan kwata da ake turawa cikinsa, da kuma gine-ginen da suka matse gaɓarsa har babu inda za a bi a wasu wurare.

Mai karatu zai ce ai Maiduguri shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ina ɗan gudu zai sami tudun hawa? Akwai ɗan abin da ba a rasa ba. Masana ƙasa sun nuna cewa birnin yana zaune ne a kan wani dogon tudun yashi da suke kira Tudun Bama, wanda ya taso daga wajen Gaidam ya bi ta Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru. Wannan tudu shi ne gaɓar Tafkin Chadi shekaru kamar 7,000 da suka wuce, lokacin da tafkin ya yi girman teku. Wanda ya ji numfashinsa ya ɗan ɗaga a wani gangare cikin gari, to, bakin tsohon tafki yake takawa.

Tafkin da ya rage wa birnin a yau shi ne Alau, mai nisan kamar mil 12, watau kilomita 20, a ƙasar Konduga. An gina madatsar ruwan tsakanin 1984 da 1986 a kan Ngadda domin ruwan sha da noman rani. Zuwa da dawowa ya kusa cika tsawon gasar Ikko, kuma da can jama'a sukan je shan iska da sayen kifi. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya canja wannan. Ƙauyukan da ke kan hanyar, irin su Dalori da aka ƙona a Janairun 2016, sun sha wuya ƙwarai, kuma ba hanyar da mutum zai bi shi kaɗai da duhun asuba ba ce.

Daga baya tafkin da kansa ya biyo mutane har gida. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye Fori da Gwange da Gamboru da Kwastam, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da Asibitin Koyarwa. Hukumomi sun ce fiye da mutum 30 suka rasu, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu, fursunoni 281 suka fice bayan katangar kurkuku ta faɗi, akasarin dabbobin Sanda Kyarimi kuma suka hallaka. Duk hanyoyi ukun da aka lissafa a sama, ruwa ya shafe su a wannan mako. Dattawa sun tuna an yi irin haka a Satumbar 1994. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar.

Wanda ke neman tsauni da kwazazzabo da ruwa mai zubowa daga dutse, sai ya nausa kudancin jihar, ƙasar Biu. Can akwai Tafkin Tila, wanda ke zaune cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, da ruwan Jaffi a ƙasar Kwaya Kusar, da kwarin Kogin Hawul. Akwai Kwalejin Ilmi ta Waka, da Jami'ar Soja da aka kafa a 2018. Ƙasa ce mai tudu da sanyin iska, irin wadda ta yi wa mutanen Pankshin na Jihar Filato rana, domin su ne suka fi yin fice cikin 'yan Nijeriya a gudun dogon zango. Abin da ke tsakanin yaron Gamboru da Biu shi ne hanya, gama titin Damboa ya sha rufewa saboda tsaro, matafiya da yawa sai sun zaga ta Damaturu.

Ga mai niyyar gwadawa idan ya je ganin gida, lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai a kiyayi ranar da hazo ya yi kauri. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, saboda haka a gama kafin rana ta ɗaga, a riƙe ruwan sha, a tafi cikin ayari, a kuma girmama dokar jami'an tsaro a kowane shinge.

Sauran aikin na hukuma ne da na jama'a. A gyara Alau gyara na gaskiya, a hana gini a gaɓar Ngadda, a kwashe juji, a fitar da turba daga Fori zuwa Gamboru a jera mata darbejiya. Filin da aka bar wa kogi, shi ne zai karɓi ruwa ranar ambaliya maimakon ɗakunan mutane, sauran watanni kuma yara su yi gudu a kai. Ƙungiyoyin 'yan Barno da ke Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda suka saba tara gudummawa idan masifa ta auku a gida, suna da bakin da za su tuna wa wakilansu wannan batu tun kafin wata damina. Allah ya kiyaye na gaba, ya zaunar da Barno lafiya.