Ko Kun Sani? Siffar da Ke Ɓoye a Cikin Kowane Mai Gefe Huɗu

Duk siffa mai gefe huɗu, komai karkacewarta, idan aka sa ɗigo a tsakiyar kowane gefe sannan aka haɗa ɗigon huɗun da layuka bi da bi, abin da zai fito shi ne faralelogiram, wato siffar da kowane gefe biyu masu fuskantar juna suke da tsawo ɗaya kuma ba sa haɗuwa komai nisan da aka ja su. Wannan ƙa'ida tana ɗauke da sunan Pierre Varignon, masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, kuma an buga ta a 1731, shekara tara bayan mutuwarsa. Dalilin fitowar faralelogiram ɗin kuwa yana ga layuka biyu da ke ratsa siffar daga kusurwa zuwa kishiyarta, domin kowane gefe na siffar ciki yana tafiya a jere da ɗayansu, tsawonsa kuma rabin nasa ne. Idan layukan nan sun gitta juna a kan digiri 90 kuma tsawonsu ɗaya ne, siffar ciki murabba'i ce. Filin da take rufewa rabin filin siffar farko ne cif.