A sauke kaya tun kafin ranar makara

A Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, idan an yi rasuwa an jera sahu, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya yi shela: duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa, wanda kuma ya ɓata wa rai ya yafe masa. Jama'a su amsa da cewa sun yafe. Sau da yawa a cikin masu amsawa akwai dattijon da ya shekara 30 bai gaisa da mamacin ba. Yafiya ta zo, amma wanda aka yi wa ita ba ya ji.

Waɗanda ke da shekara 30 zuwa 40 lokacin Taron Ƙasa na 1991, yau sun haura 60, wasu sun wuce 70. Zamaninsu ya raba abokai da yawa. Da jam'iyyu suka buɗe, maƙwabta sun daina cin tuwo a akushi ɗaya saboda wannan na CDS Rahama ne, wancan na MNSD Nasara ko PNDS Tarayya. Ma'aikacin da aka tura ƙauye mai nisa bayan canjin gwamnati ya ɗora laifin a kan abokin da suka yi lakkol tare, har yau bai sauke ba.

Abin lura shi ne, shugabannin da aka yi faɗa dominsu ba su riƙe gabar haka ba. Mahamman Usman ya ka da Tanja Mamadu a zagaye na biyu na zaɓen 1993. A 1999 kuwa shi ne ya mara wa Tanja baya, Tanja ya hau mulki, shi kuma ya zama shugaban Majalisar Dokoki. Manya sun shirya cikin shekara 6. Mabiya a unguwanni suna nan da tsohuwar husuma.

Ƴan kasuwa kuma nasu mikin na kuɗi ne. Ran 12 ga Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya ɗauko kaya bashi daga ƙetare ya wayi gari bashinsa ya ninka. Shi da abokin cinikinsa suka yi ta gardama a kan wanda zai ɗauki hasara, alhali ba ɗayansu da ya yanke shawarar. A Dakar aka yanke ta. Amanar da aka gina ba takarda, sai baki da shaidu, ta rushe cikin mako guda.

Malamai da dattawa suna raba wannan kaya gida biyu. Akwai haƙƙi: bashi, gado, gonar da aka ci iyakarta. Wannan ba a barinsa ga mantuwa. A biya, ko a nemi mai shi ya yafe da bakinsa, domin in an yi shiru ƴaƴa ne za su gaji rigimar a gaban alƙali. Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa: auren da ya mutu tun ƴaƴansa suna goye, muƙamin da ya kuɓuce, gaisuwar da ba a je ba. Wannan da na sani ce, ita kuwa ƙeya ce, a baya take. Mai juyata kowane dare barcinsa kawai yake ci.

Saki ba ya nufin a koma kamar dā. Ba dole ba ne tsohon abokin ciniki ya sake riƙe makullin shago, ko tsohuwar mata ta dawo ɗaki. Ya isa a gaisa a masallaci, a zauna tabarma ɗaya ranar auren ɗiyar da aka haifa tare, ba tare da an sa yarinya zaɓen ɓangare ba.

Wanda ya fara zuwa yakan ji tsoron a ce ya faɗi. Amma zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa ba kullum za ta ɗauki mai ita ba. Sallama ɗaya a ƙofar gida, mai gida yana ji yana amsawa, ta fi yafiyar sahu goma a bakin makara.