Haukan Kare da Littafin Likitan Dabbobi

Zuwa ga dagatai, da masu unguwa, da manoman ƙasar Batsari da ƙasar Safana.

Jama'a, ku sani cikin cututtukan da dabba ke sa wa mutum babu wanda ya fi haukan kare muni. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, ya soma tsoron ruwa da firgita, to, sai dai haƙuri, gama likita ba shi da sauran dabara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma cikin ko wane goma da ake jin mahaukacin kare ya ciza, huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Amma kuwa ciwo ne mai rigakafi. Tun 1885 wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya ceci yaron da mahaukacin kare ya ciza da allura.

Yadda ciwon ke tafiya

Ƙwayar ciwon tana cikin miyan bakin kare. In ya yi cizo sai ta shiga raunin, ta bi jijiya sannu sannu har ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan takan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Saboda haka karen da aka ciza a Runka yau yana iya bin ubangijinsa zuwa Ruma ko Wagini da lafiyarsa, sai bayan an manta ciwon ya tashi can. Ƙasarmu kuwa tana bakin Dajin Rugu, inda karnukan mafarauta da na makiyaya ke gamuwa da dila da karnuka marasa iyayengiji. Tashin hankalin ɓarayin daji ya kuma kori mutane daga ƙauyuka da yawa, wanda ya gudu da iyalinsa kuwa ba kullum ya kan tafi da karensa ba.

Amfanin littafi

Dagaci yana ganin garinsa kaɗai. Likitan dabbobi ne ke tara labarin garuruwa duka cikin littafi guda. In labarin cizo ya zo daga ƙauye ɗaya, mai yiwuwa karen faɗa ne. In ya zo daga ƙauyuka uku da ke kan hanya guda cikin wata guda, likita ya gane ciwo ne ke tafiya, ya kuma san garin da zai riga shi isa da allura. Amma littafin ba ya sanin kome sai abin da aka gaya masa. Garin da ya ɓoye labari, cikin littafi lafiya lau yake, ba kuwa za a aika masa da allura ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga abin da ya kamata mai unguwa ya rubuta, ya miƙa wa dagaci, shi kuma ya kai wa ma'aikacin dabbobi, ya sanar da hakimi:

1. Rana da garin da aka yi cizon.
2. Karen na wane ne, ko baƙo ne.
3. Ko an taɓa yi masa allura, da yaushe.
4. Mutanen da ya ciza, da shanu ko awaki ko jakuna, gama su ma suna kamuwa.
5. Abin da ya sami karen daga baya.

Abin da za a yi da karen

Mahaukacin kare iri biyu ne. Wani ya kan yi ta yawo yana cizon itace da dutse da duk abin da ya tarar, muryarsa ta sāke. Wani kuwa shiru ya ke yi, muƙamuƙinsa ya saki, yana dalala kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu bakinsa neman ƙashin nan.

In karen gida ne, ba ya nuna alama, a ɗaure shi kwana 10, a ba shi abinci da ruwa. In ya cika kwanakin da lafiya, miyan bakinsa ba shi da ciwon ran da ya yi cizo. In ya mutu, ko dole ta sa aka kashe shi, kada a fasa kansa, kada a feɗe shi. Cikin ƙwaƙwalwa ake gane ciwon, ma'aikaci ne kuma zai aika da kan wurin bincike, kamar babban ɗakin binciken dabbobi na Vom da ke can tun 1924.

Abin da za a yi wa mutum

Nan da nan a wanke raunin da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15. Ran nan a tafi asibiti neman allura, kada a jira kwana goman kare su cika, kada kuma a dogara ga sassaƙe. A karɓi alluran duka yadda likita ya tsara.

Ƙidayar karnuka

Masana sun tabbatar in aka yi wa karnuka 7 cikin ko wane 10 allura, ciwon ba ya samun hanyar wucewa. Garin da ke da karnuka 40, sai an yi wa 28. In ba a san yawansu ba, ba a san ko an kai ba. An gwada wannan a Njamena ta ƙasar Chadi cikin 2012 da 2013. Littafin likitocinsu ya nuna ciwon ya ɗauke watanni da dama, sa'an nan ya komo ta wajen karnukan da suka shigo daga waje. Watau ba a rufe littafi don an ga sauƙi.

To, dagatai, ku ƙidaya karnukan garuruwanku ko wace shekara. A kai ɗan kwikwiyo allura in ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa shekara shekara, a adana takardar shaida. Allah ya kiyashe mu da iyalanmu da dabbobinmu, amin.