RIƘON KARE MAI FIRGITA: Aikin Haƙuri Da Ke Kare Lafiyar Gari

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya yada zango a Kankiya, ko ya ratsa ƙauyukan ƙasar Kusada da rani, da wuya ya rasa ganin wani ramammen kare yana raɓe-raɓe a bayan mahauta ko a bakin juji, bindi a matse tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance. Da mutum ya sunkuya, ko da takalminsa zai gyara, sai karen ya zura da gudu, domin a saninsa wanda ya sunkuya dutse zai ɗauka.

Da yawa daga cikin irin waɗannan karnuka a gida suka tashi. Wani na mafarauci ne da ya ɓace a wurin farauta, wani na makiyayi ne da aka tashi aka bar shi a tsohon mashekari, wani kuwa na ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki ya kwashe kayansa ya bar shi a ƙofar gida. Daga nan sai yunwa da jifar yara su mai da shi abin da ake gani. Kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo in an ritsa shi, kuma karen da ba shi da ubangida ba wanda zai kai shi allura.

Haɗarin Da Ke Ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Takan shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi.

Abin da aka saba yi in an ga karnuka sun yi yawa shi ne a bi su da sanda ko a zuba musu guba. Masana sun daɗe da nuna cewa wannan bai taɓa kawar da cutar ba, domin muddin akwai juji da ragowar mahauta, wasu karnukan za su zo su maye gurbi. Abin da ke tsayar da ita shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, a riƙa maimaitawa. Ta haka ƙasar Meziko ta bi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta rabu da haukan kare da mutane ke ɗauka daga karnuka. Amma fa karen da ba ya yarda a taɓa shi ba ya yarda da allura. A nan ne riƙo ya shigo.

Riƙo Ba Baƙon Abu Ba Ne

A Ingila an kafa gidan tara karnuka marasa galihu na Battersea tun 1860, kuma a can da Amurka akan ba wani mutum karen da aka tsinta ya riƙe a gidansa na 'yan makonni ko watanni, har ya warke ya saba da mutane, sa'an nan a miƙa shi ga wanda zai zauna da shi dindindin. Bahaushe bai rasa makamancin wannan ba. Ya san ɗan riƙo, ya kuma san ba da kiwon akuya ko tunkiya ga maƙwabci. Mafarauta da makiyaya, waɗanda su ne suka fi kowa sanin halin kare a wannan yanki, sun saba karɓar kwikwiyo daga hannun juna su hore shi.

Ta fuskar addini ma hanya a buɗe take. An halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ba ya son kare a gidansa ba a tilasta masa ba, amma babu inda aka ba shi izinin azabtar da shi.

Malamin Dabbobi Tukuna

Matakin farko na babba ne wanda ya san kare, kada yaro ko ɗalibi ya ce zai gwada. Dole a rarrabe tsoro da hauka. Kare mai tsoro yakan ja da baya, ya kau da kai, ya yi gurnani in an matsa masa, amma in an ba shi wuri sai ya ci ya sha. Mahaukacin kare kuwa yakan yi dalalar yawu, muryarsa ta sake, ya riƙa cizon itace da duwatsu, ko haɓarsa ta saki ya kasa haɗiya. Wani ma lafewa yake yi kamar mai ladabi, har ƙafafunsa su shanye. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a kusance shi, a sanar da mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Wanda ba a ga alamar komai a jikinsa ba, a keɓe shi a wuri mai danga da inuwa, nesa da yara da awaki, a kira malamin dabbobi ya duba shi. Shi zai yi masa allurar rigakafi, ya ba da maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙazuwa, ya kuma faɗi tsawon lokacin da za a tsare shi, domin cutar tana iya ɓuya a jikin kare har wata 6. Ana yin irin wannan allura a ƙasar nan, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924.

Yadda Ake Cire Tsoro

Wani bincike da aka buga a Amurka a 1961 ya nuna cewa kwikwiyon da ya kai mako 14 bai saba da hannun mutum ba, yakan tashi da gudun mutane kamar naman dawa. Lokacin sabo yana tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa. Saboda haka karen da ya taɓa zama a gida ya fi sauƙin dawowa a kan wanda aka haifa a kango, ko da yake shi ma na biyun yakan rage tsoro in an jure.

A kwanakin farko abin da ake bukata shi ne a ƙyale shi. Mutum ɗaya zai riƙa kawo abinci, safe da yamma, a lokaci guda, cikin kasko guda, ya ajiye ya koma nesa. Tuwo ko ƙanzo da ɗan romo da guntun nama sun isa, sai ruwa mai tsabta da ba ya yankewa. Kada a zura masa ido, kada a tsaya a kansa, kada a shiga da sanda a hannu. Mai riƙon ya zauna a gefe, ya ba shi kafaɗa, ya riƙa magana ƙasa-ƙasa yana kiran sunan da ya sa masa.

Ranar da karen ya ci abinci mutum na zaune, an ci rabin tafiya. Daga nan sai a riƙa rage tazara taki ɗaya-ɗaya, ana jefa masa loma a kusa da shi, har ya zo da kansa ya shinshina hannu. In ya ƙi ci ko ya ɗau rawar jiki, an yi gaggawa ke nan, sai a koma inda aka tsaya jiya. Taɓawar farko a ƙirji ko gefen wuya ake yi, domin hannun da ya taho ta saman kai duka yake tuna masa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kada a dake shi don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi shi ne wanda watarana zai yi cizo ba sanarwa. Bayan ya saba da hannu sai a saba masa da igiya, a bar ta a wuyansa ya ja ta cikin danga kafin a fara fita da shi da sassafe. Sa'an nan a nuna masa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da awaki da kaji daga nesa, da ƙarar babur. Wani karen mako uku ya ishe shi, wani sai ya yi wata uku ko fiye.

Miƙa Shi Ga Mai Shi

Riƙo ba ya cika sai an sami gidan da ya dace. Kare mai son bin sawu na mafarauci ne, mai natsuwa cikin dabbobi na makiyayi ne, mai yawan haushi kuwa ya dace da gadin gona ko garka. Wanda bai daina firgita da hayaniya ba, kada a kai shi gida mai yara ƙanana. Wajibi ne mai riƙo ya faɗi gaskiyar halinsa, ya miƙa shi tare da takardar allura, sabon ubangidan kuma ya zo sau biyu ko uku ya ciyar da shi da hannunsa kafin ya tafi da shi.

Ko da an kiyaye duk wannan, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allura, kada ya tsaya jiran alama. Karen kuma kada a kashe shi in ana iya tsare shi, a sa masa ido kwana 10, domin in da cutar a yawunsa lokacin cizon, zai nuna ko ya mutu cikin kwanakin nan.

Tun 2007 ake tunawa da wannan cuta a ranar 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur ya rasu, wato masanin Faransa da ya fara yi wa mutum allurarta a 1885. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan ba wanda zai sake mutuwa ta dalilin cizon kare. Rabon Kankiya da Kusada a wannan aiki yana hannun hakimai da dagatai da shugabannin mafarauta da malaman makaranta, waɗanda za su iya hana yara jifa, da kuma ma'aikacin da aka yi wa canji, wanda ya kamata ya nema wa karensa gida kafin ya ɗora kaya a mota.