Yadda Gida Ke Tsufa: Darasi Daga Gidajen Shagari

Ɗalibin da ya taso a Ɗantutture ko a ƙauyukan Kurfi ya san cewa gidan ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina. Amma idan ya shiga birni ya ga ginin siminti, sai ya ɗauka ba ya tsufa. Ziyara ɗaya zuwa unguwar Shagari Lokos ta Katsina ko Shagari Kwatas ta Kano za ta gyara masa wannan zato.

Gina wa talakawa gidaje iri ɗaya da yawa tsari ne da ya yi ƙarfi a ƙasashen gurguzu. Daga ƙarshen shekarun 1950, a zamanin Nikita Khrushchev, Tarayyar Sobiyat ta riƙa ƙera bangaye a masana'anta tana harhaɗa benaye masu hawa 5. Sun raba miliyoyin mutane da cunkoso, amma a 2017 hukumar birnin Mosko ta fara wani babban shiri na rushe dubbansu. A Nijeriya kuwa, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wadda ba ta gurguzu ba ce, ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 ya katse shirin, aka bar da yawa ba a gama ba. A lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 ta sami tata jihar.

Matsala ta farko daga zanen ta faro. Gidan Bahaushe yana da zaure inda ake tarar baƙo, da tsakar gida inda mata ke daka da girki ba tare da idon waje ba. Waɗannan gidaje kuwa ƙofarsu a titi take buɗewa. Saboda haka mazauna suka ja katanga, suka ƙara ɗakuna da shaguna da garken awaki. Gyaran ya dace da al'ada, sai dai sau da yawa yakan toshe taga, ya danne magudanar ruwa.

Daga nan ilmin halittu ya shigo. Ɗakin da iska ba ta ratsa shi yana riƙe danshi, danshi kuma shi ne abin da fumfuna ke bukata. Ƙwayoyinta da ke yawo a iska suna tayar da asma da tari, musamman ga yara. Kwatar da ta toshe gida ce ga sauron da masana ke kira Kuleks, mai son ruwan ƙazanta. Anofilis kuwa, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya fi son ɗan kududdufin ruwan sama da rana ke haskawa. A lokacin zafi, kwana 10 ko ƙasa da haka sun ishi ƙwai ya zama sauro. Gara ma tana bin tsagar bango ta hau ta cinye katakon rufi daga ciki, tare da taimakon ƙananan halittun hanjinta da ke narkar da itace.

Shi kansa kankare yana da nasa ciwon. Sabon siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma wannan kaifi ne ke kare rodin da ke ciki daga tsatsa. A hankali iskar kabon dayoksaid takan ratsa shi ta rage kaifin. Da zarar ruwa ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen cin wuri, sai ta tura kankaren ya tsage. Jan tabo a jikin ginshiƙi gargaɗi ne, ba datti ba.

Akwai aikin da malami zai iya ba ɗalibansa ba tare da kashe ko kwabo ba. Su zagaya ɗakunan kwanansu bayan ruwan sama, su rubuta inda ruwa ya kwanta, da inda bango ya yi baƙi, da hanyar gara, sannan su miƙa wa shugaban makaranta. Gidan da mutane da yawa suka yi tarayya a cikinsa ya fi saurin lalacewa, domin kowa na jiran wani ya yashe kwata. Mutumin ƙauye da ke yaɓe gidansa duk shekara ya riga ya san maganin.